Kare a cikin mota: Abin da magidanta da mafarautan Zuru za su duba kafin su kama hanya

A ƙasar Zuru kare tsohon abokin zama ne. Shi ke gadin gida da rumbu, shi ke raka manomi gona, shi ne kuma jarin mafarauci idan rani ya yi an shiga dawa. A da ƙafarsa ce motarsa, duk inda maigida ya nufa yana biye. Yanzu lamarin ya sauya. Matsalar tsaro ta raba iyalai da dama da ƙauyukansu, gona ta yi nisa da wurin kwana, farauta kuma ta koma tafiyar kwanaki zuwa wasu jihohi. Saboda haka kare ya shiga sahun fasinjoji, a bayan babur, a but ɗin mota ko a saman kaya cikin akori-kura.

A ƙasashen Turai, mai kare kan zauna ya zaɓi motar da za ta dace da dabbarsa kafin ya saya. Magidanci a Zuru, Ribah, Mahuta ko Dirin Daji ba shi da wannan sararin. Tun daga 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024. Dala kuma ta tashi daga wajen naira 460 a farashin gwamnati zuwa sama da 1,500 a 2024, abin da ya sa motar Kwatano ta gagari mai matsakaicin ƙarfi. Tambayar da ke gaban yawancin mutane ita ce yadda za a gyara motar da ke hannu ta ɗauki iyali da kare ba tare da an jefa kowa cikin haɗari ba.

Abin da ya sa kare ya hau mota

Masarautar Zuru ta ƙunshi ƙananan hukumomi 4: Zuru, Danko/Wasagu, Fakai da Sakaba. Tana iyaka da jihohin Zamfara da Neja, kuma wannan ya sa ta zama yankin da ya fi ɗanɗana kuɗarsa a hannun 'yan bindiga a Jihar Kebbi. A watan Maris na 2022 an kashe 'yan sa-kai sama da 60 a wani kwanton ɓauna a yankin Sakaba. A ranar 17 ga Nuwambar 2025 kuma aka sace ɗalibai mata fiye da 20 daga makarantar sakandaren 'yan mata ta Maga da ke Danko/Wasagu.

A irin wannan yanayi haushin kare na da daraja. Yana jin motsi tun kafin mutum ya ji, kuma 'yan mintunan da yake ba mutanen gida su farka na iya zama ratar da ke tsakanin tsira da faɗawa hannun maharan. Shi ya sa iyalin da ya kwashe kayansa zuwa cikin gari yake ƙoƙarin tafiya da karensa, wanda ya koma gona lokacin girbi kuma yake son ya kai shi ya tsare amfanin da aka tara.

Ban da magidanta, akwai rukuni biyu da ke safarar karnuka. Na farko mafarauta ne, waɗanda kan haɗa kuɗi su ɗauki shatar mota ɗaya, mutane da karnuka da kayan farauta duk a ciki. Na biyu 'yan kasuwa ne. Wasu al'ummomi a Najeriya, har da wasu a ƙasar Zuru, suna cin naman kare, kuma akwai fatauci mai ƙarfi da ke kwasar karnuka daga jihohin Arewa da maƙwabtan ƙasashe zuwa kasuwar Dawaki da ke ƙaramar hukumar Kanke a Jihar Filato, daga can a wuce da su Kuros Riba da Akwa Ibom. Dukkan waɗannan tafiye-tafiye a kan hanyoyi ɗaya ake yin su, a tashoshi ɗaya ake tsayawa, wani lokaci ma a mota ɗaya.

Haɗarin da ke cikin motar

Mutane da yawa na ganin cewa idan kare ya saba da maigida, to zai kwanta lafiya a kujerar baya ko a ƙarƙashin ƙafafun yara. Matsalar na tasowa ne lokacin da direba ya taka birki bagatatan. Duk abin da ba a ɗaure ba a cikin mota yana ci gaba da tafiya da gudun da motar take yi. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa idan ta yi karo, abin da ke cikinta zai bugu kamar wanda ya faɗo daga tsayin kusan mita 10, wato bene mai hawa 3. Kare mai nauyin kilo 20 da ya taso daga baya da wannan ƙarfi zai iya karya wuyan yaro ko ya bugi direba a ƙeya. Ko ba a yi karo ba, karen da ya firgita da hon ɗin tirela zai iya faɗawa tsakanin ƙafafun direba da birki.

Wannan ne ya sa dokar hanya ta Birtaniya, a ƙa'ida ta 57, ta ce dole a killace kare a cikin mota ta hanyar keji, ko ragar da ta raba shi da fasinjoji, ko ɗamarar da ake haɗawa da bel ɗin kujera. Hanyoyinmu sun fi nasu buƙatar wannan ƙa'ida. Duk wanda ya bi hanyar Zuru zuwa Rijau da Kontagora, ko ta Ribah, ya san yawan birkin da ramuka da shanu da masu babura ke sa direba ya taka.

Haɗari na biyu shi ne zafi. Kare ba ya yin gumi a jiki kamar mutum, da haki yake fitar da zafi. Zafin jikinsa na lafiya yana tsakanin digiri 38 da 39, kuma idan ya haura 41 gaɓoɓin cikinsa na iya fara lalacewa. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Stanford ta Amurka, aka wallafa a 2005, ya nuna cewa motar da aka ajiye a rana zafin cikinta kan ƙaru da kusan digiri 22 cikin awa guda, mafi yawan ƙarin a rabin awa na farko, kuma ɗan sassauta gilashi bai kawo wani sauyi na a zo a gani ba. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin waje a Kebbi ke kai wa digiri 40, barin kare a rufaffiyar mota don a shiga kasuwa ko a ci abinci na iya kashe shi kafin a dawo.

But ɗin ƙaramar mota ya fi ko'ina muni. Iska ba ta shiga, ƙarfen na ɗaukar zafi daga sama, salansa na gasa shi daga ƙasa. Idan motar tsohuwa ce mai ɓulin salansa, hayaƙi mai guba wanda ba shi da wari yana taruwa a wurin. Ɗaure murfin but da igiya a bar shi a buɗe kaɗan, kamar yadda ake yi idan an ɗauko akuya, yakan ƙara janyo hayaƙin ciki.

Wace mota ce ta fi dacewa?

Idan mutum na da halin zaɓi, motar da ta fi dacewa ita ce mai dogon baya wadda wurin kayanta ke haɗe da wurin fasinjoji. Golf 3 mai dogon baya, Peugeot 406 ko tsohuwar 504 irin wannan ƙira duk sun shiga wannan layi. Iskar da mutane ke shaƙa ita kare ke shaƙa, direba na ganinsa ta madubi, kuma ƙofar baya na ba shi damar hawa da sauka ba tare da ya bi ta kan kujeru ba. Ga shi kuma kanikawa sun san waɗannan motoci, kayan gyaransu ba sa wahalar samu.

Sharon da Sienna sun fi fili. Ana iya cire kujerun layin ƙarshe ko a naɗe su a samu wurin keji biyu, iyali mai mutum 5 kuma su zauna a sake. Sai dai Sienna mai silinda 6 tana shan mai, kuma ƙasanta ba shi da tsayin da zai jure hanyoyin gona da damina.

Akori-kura irin Hilux ta fi kowace jure hanyar ƙauye, kuma tana raba kare da mutane gaba ɗaya, abin da iyalai da yawa suka fi so. Amma buɗaɗɗen bayanta na da nasa haɗarin. Ƙarfen ƙasan yana zafi har ya ƙona tafin ƙafar kare. Wanda aka bari a sake yakan yi tsalle idan ya hango zomo ko wani kare, wanda aka ɗaure da doguwar igiya a wuya kuma idan ya yi tsallen sai ya rataye a gefen mota. A nan dole keji mai rufi, wanda aka ɗaure da noti a jikin motar, kusa da kan mota inda girgiza ba ta da yawa.

Ƙaramar mota irin Corolla ko Vectra, wadda ita ce a hannun ma'aikata da 'yan kasuwa da yawa, ba ta da wurin da ya dace sai kujerar baya. Idan kare ɗaya ne, ƙaramin keji da aka ɗaure da bel ya wadatar, amma hakan na nufin an rasa wurin mutum ɗaya ko biyu. Idan motar ta cika da yara, gara a raba tafiyar biyu.

Ga masu babur, waɗanda su ne mafi rinjaye a karkara, rungume kare a gaba ko ɗaure masa ƙafafu a ɗora a baya ba hanya ba ce. Keji na raga da aka ɗaure a mazaunin kaya, nesa da salansa, da buhu a sama don inuwa, ya fi aminci ga direba da dabbar.

Aikin mai walda da kafinta

Gyaran da ake buƙata bai fi ƙarfin masu walda da ke cikin garin Zuru ba. A mota mai dogon baya, abu na farko shi ne ragar ƙarfe daga bayan kujera har rufi, wadda aka kama da noti a jikin mota. Ragar da aka tokare kawai tsakanin rufi da ƙasa takan fita a karon farko da aka yi birki mai ƙarfi.

Ma'aunin keji mai sauƙi ne, kuma shi ne wanda kamfanonin jiragen sama ke amfani da shi: kare ya iya tsayawa ba tare da kansa ya taɓa rufi ba, ya iya juyawa, ya iya kwanciya ya miƙe. Idan ya fi haka girma sosai, kare zai riƙa buguwa da bango a kowane rami. A bar raga aƙalla a ɓangarori 3 don iska. Ramukan ragar su kasance ƙanana yadda baki ko ƙafa ba za su fita ba, yatsan yaro kuma ba zai shiga ba. Ƙasan ya zama katako da aka shimfiɗa wa buhu, a ƙarƙashinsa a sa tamfol ko faifan roba da za a iya cirewa a wanke. A goge duk bakin ƙarfen da walda ta bari, sakata kuma ta kasance daga waje.

Mafarautan da ke ɗaukar karnuka da yawa na buƙatar keji mai ɗaki-ɗaki. Karnukan da ba su san juna ba, idan zafi da matsi suka haɗu, faɗa suke yi, kuma wanda ya sa hannu don ya raba shi ke shan cizo.

Batun tsafta ma yana da muhimmanci, domin motar da ta kai kare gona yau ita za ta kai iyali masallaci, coci ko gidan biki gobe. A mazhabar Malikiyya da mafi yawan Musulmin yankin ke bi, kare mai rai ba najasa ba ne, kuma an halatta riƙe shi don farauta da gadin gona ko dabbobi. Duk da haka kowa na son kujerarsa ba gashi, ba kaska, ba ƙuma. Keji mai shimfiɗar da ake cirewa na rage wannan damuwa, kuma yana rage saɓani tsakanin maigida da uwargida a kan shigar kare mota.

Lokacin tafiya kuma na da sarƙaƙiya a wannan yanki. Don zafi, da dare ya fi dacewa a ɗauki dabba. Don tsaro kuwa, ba mai hankalin da zai ba iyali shawarar bin hanyoyin Danko/Wasagu ko Sakaba cikin duhu. Mafita ita ce a tashi da zarar gari ya waye a isa kafin rana ta take. Hutun da ake ba kare duk bayan awa 2 don ya sha ruwa a yi shi a cikin gari, kamar Mahuta ko Koko ga mai zuwa Birnin Kebbi, ko Rijau ga mai zuwa Kontagora, kada a tsaya a dawa. Kada a cika masa ciki dab da tashi, kuma a sa masa igiya kafin a buɗe keji, domin karen da ya tsere a baƙon gari da wuya a same shi.

Cutar da mota ke ɗauka tare da kare

Ko da an yi duk wannan, akwai haɗarin da mai walda ba shi da maganinsa, wato ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar na kashe kusan mutum 59,000 a kowace shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya. Kusan kashi 99 cikin 100 na masu kamuwa daga kare suke ɗauka, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamomi sun bayyana a jikin mutum, kusan babu mai tashi.

Abin da ya haɗa cutar da mota shi ne tsawon lokacin da take ɓoyewa. Kare na iya ɗauke da ita makonni ko watanni yana cin abinci yana kaɗa jela. Wanda ke tafiya da ƙafa iyakarsa ƙauyukan kusa, amma wanda aka sa a mota zai iya kai ta wata jiha cikin yini guda. Binciken likitocin dabbobi na jami'o'in Najeriya, ciki har da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya sha gano ƙwayar cutar a ƙwaƙwalwar karnukan da aka yanka a kasuwanni, alhali an sayo su ana ganin lafiyarsu ƙalau. Wannan na nufin mai kamawa, mai lodi, yaron mota da mai fiɗa duk suna cikin haɗari, haka ma yaron da aka zaunar kusa da sabon ɗan kwikwiyon da aka sayo a kasuwa.

Rigakafi ya fi magani, kuma a nan maganar ta fi ko'ina gaskiya. Ana yi wa kare allura tun yana wata 3, a maimaita kowace shekara. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana sarrafa allurar a cikin gida. Masana sun tabbatar cewa idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki allura, yaɗuwar cutar na tsayawa. Najeriya na cikin ƙasashen da suka amince da burin kawo ƙarshen mutuwar mutane daga cutar nan da 2030, kuma a 2022 ta ƙaddamar da shirin ƙasa na cim ma hakan. Wanda kare ya ciza ko ya yagusa a hanya, ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, sannan ya nufi asibiti a ranar don allura. Jiran a ga ko karen zai haukace shi ne kuskuren da ke cin rayuka.

Takarda a shingen bincike

Katin rigakafi na da wani amfani ban da lafiya. A ƙarshen Maris na 2025, a garin Uromi na Jihar Edo, an kashe mafarauta 16 'yan Arewa da ke kan hanyarsu daga Jihar Ribas zuwa Kano don bikin Sallah, bayan 'yan sintiri sun tare motar da suke ciki sun ga bindigogin farauta, aka yi musu ƙazafin garkuwa da mutane. Babu takardar da za ta hana taron da ya yi niyyar ɗaukar doka a hannu, kuma alhakin wannan kisa na kan waɗanda suka aikata shi. Sai dai abin ya nuna yadda ake kallon motar da ta ɗauko baƙi da kayan dawa a wannan zamani na zargi. Mafaraucin Zuru da zai tsallaka Neja ko Kwara da karnuka na buƙatar katin ƙungiyarsa, takardar shaida daga hakimi ko ƙaramar hukuma, lasisin bindiga idan yana ɗauke da ita, da katin allurar kowane kare.

Doka ma ta tanadi wani abu. Dokar Daƙile Cututtukan Dabbobi ta 2022, wadda ta maye gurbin ta 1988, ta ba hukumomin lafiyar dabbobi ikon sa ido kan zirga-zirgar dabbobi, kundin hukunta laifuka na Arewa kuma ya haramta azabtar da dabba. A aikace dai hankalin jami'ai a hanya ya fi karkata ga tirelolin shanu, inda ake karɓar haraji. A Tarayyar Turai kare ba ya tsallaka iyaka sai da takardar da ke nuna an yi masa allura aƙalla kwana 21 kafin tafiya. Ba lallai a kwafo tsarinsu gaba ɗaya ba, amma kati guda mai kwanan wata da hatimin likitan dabbobi abu ne da ƙaramar hukuma za ta iya samarwa.

Wa ya kamata ya yi me?

Zuru na da abin da garuruwa da yawa ba su da shi. Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da aka kafa a garin a 2020 za ta iya fitar da samfurin keji mai araha ta koya wa masu walda, ɗalibanta kuma su taimaka wajen ƙidayar karnuka da wayar da kai. Ma'aikatar da ke kula da lafiyar dabbobi ta Jihar Kebbi na iya kai allura inda karnuka ke taruwa da kansu, wato ranakun kasuwa, tashoshin mota, wuraren da 'yan gudun hijira suka sauka, da taron mafarauta kafin a fita dawa. Bikin Uhola, wanda ke tara al'ummar Lelna daga ko'ina, da ranar 28 ga Satumba da duniya ta ware don yaƙi da cutar, dama ce ta isar da saƙon cikin C'lela da Hausa.

Shugabannin tasha na iya kafa ƙa'ida mai sauƙi: ba a loda kare a motar haya sai a cikin keji, kuma ba a but ba. Sarakunan farauta na iya mayar da katin allura sharaɗin shiga ayari, domin kare ɗaya mai cutar zai iya salwantar da jarin ayarin gaba ɗaya. Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo ta Tarayya da aka ƙirƙira a 2024 kuma ta tuna cewa lafiyar makiyayi da ta garkensa na da alaƙa da lafiyar karen da ke gadinsu, tunda shanu da awaki ma na kamuwa idan ya cije su.

Magidanci kuwa ba sai ya jira kowa ba. Kafin tafiya ta gaba, ya kai motar wurin mai walda a auna wurin keji, ya sa bakanike ya duba salansa, ya kai karen ofishin likitan dabbobi a yi masa allura, katin kuma ya ajiye shi tare da takardun mota.